James Henry Dorugu

James Henry Dorugu (an haife shi wajen shekarar 1840, ya rasu a 1912), wanda aka fi sani da Dorugu, Bahaushe ne ɗan ƙasar Damagaram, matafiyi, tafinta kuma malamin makaranta. An kama shi bawa tun yana yaro, aka 'yanta shi a Kukawa, ya bi Bajamushen nan mai binciken ƙasashe, Heinrich Barth, zuwa Katsina da Sakkwato da Tambutu, daga baya ya ƙetare Sahara zuwa Turai a 1855. A Ingila ya karɓi addinin Kirista, aka yi masa baftisma a 1857, ya kuma zama babban mataimakin James Frederick Schön wajen juya sassan Littafi Mai Tsarki zuwa Hausa. Labarin rayuwarsa da ya bayar da bakinsa yana cikin dogayen rubuce-rubucen zube na farko da aka buga da Hausa cikin haruffan boko.

Asali da ƙuruciya

An haifi Dorugu a Dambanas, wani ƙauye kusa da Kance a yankin Damagaram, wanda yanzu yake kudancin Jamhuriyar Nijar. Sunan mahaifinsa Kwage Adamu, manomi ne kuma makaɗi. Sunan mahaifiyarsa Kande. Ya tashi kamar sauran 'ya'yan talakawan karkara, yana bin mahaifinsa gona.

A wancan zamani Damagaram tana ƙarƙashin Barno, wadda Shehu Umar ɗan Shehu Muhammadu al-Kanemi yake mulki daga Kukawa. Ƙasar tana tsakanin manyan dauloli masu jan juna, ga Barno ta gabas, ga daular Sakkwato ta kudu da yamma, ga kuma Katsinawan Maraɗi. Kamun bayi ya zama hanyar samun kuɗi ga sarakuna, kuma ƙauyukan kan iyaka su suka fi shan wahala. Baturen Ingila James Richardson, wanda ya zauna a Zinder a farkon 1851, ya rubuta yadda ake kai hari kan ƙauyukan da suke cikin ƙasar Damagaram ita kanta, a kwaso mutane a sayar don biyan bashin fada.

Bauta

A irin wannan hari aka kama Dorugu, yana da shekara goma sha ɗaya ko sha biyu. Aka raba shi da gida, aka bi da shi ta Zinder, ya yi ta sauya hannu daga wannan ubangida zuwa wancan har ya iso Kukawa, inda ya faɗa hannun wani Balarabe.

Kukawa na ɗaya daga cikin manyan kasuwannin bayi na ƙasar Sudan a tsakiyar ƙarni na 19. Daga can ayari yake kwasar bayi ya bi ta Bilma da Murzuk zuwa Tarabulus, tafiyar watanni cikin hamada wadda yara da yawa ba sa kai ƙarshenta. Yaro mai shekarun Dorugu yana cikin waɗanda fatake suka fi nema. Abin da ya hana shi shiga wannan ayari shi ne aikin da aka ba shi na kula da raƙuman wani baƙon Bature da yake zaune a garin.

'Yanci a Kukawa

Baturen shi ne Adolf Overweg, masanin duwatsu ɗan birnin Hamburg na Jamus. Yana cikin mutum uku da gwamnatin Ingila ta tura daga Tarabulus a 1850 don su binciki ƙasashen kudu da Sahara, su ƙulla yarjejeniyar ciniki da sarakuna, da fatan cinikin kaya zai maye gurbin cinikin bayi. Shugaban tafiyar, Richardson, ya rasu a watan Maris na 1851 kafin ya kai Kukawa, aka bar Overweg da Barth. Mutanen ƙasa suna kiran Overweg da sunan Tabib, wato likita, Barth kuma Abdulkarim, kuma da waɗannan sunaye Dorugu yake ambatonsu a labarinsa.

Overweg ya fanshi Dorugu tare da wani yaro ɗan ƙabilar Margi mai suna Abbega, ya 'yanta su. Ba a daɗe ba zazzaɓi ya kama shi, ya rasu a Maduwari, bakin Tafkin Chadi, ranar 27 ga Satumba 1852, yana da shekara 30. Yaran biyu suka sami kansu 'yantattu, amma nesa da gida, ba dangi, a garin da ake iya sake kama su a sayar. Barth ya ɗauke su cikin barorinsa.

Tafiya zuwa Tambutu

Barth ya bar Kukawa ranar 25 ga Nuwamba 1852 ya nufi yamma. Ayarin ya yada zango a Zinder, garin da aka bi da Dorugu yana bawa, daga nan ya iso Katsina a watan Fabrairu 1853, zamanin Sarkin Katsina Muhammadu Bello. A kasuwar Katsina Barth ya sayi riguna da zannuwa da zai riƙa bayarwa kyauta a hanya.

Ranar 21 ga Maris 1853 suka fita Katsina tare da Galadiman Sakkwato, wanda ya zo karɓar haraji. Saboda labarin rundunar Gobirawa, ba su bi hanyar yamma kai tsaye ba. Suka yi kudu ta Kuraye da Kurfi, suka juya yamma zuwa Zakka, wadda a yau take cikin Ƙaramar Hukumar Safana. Wannan shiyya ta yammacin Katsina, wato ƙasar Ruma da ta ƙunshi Batsari ta yanzu da dazuzzukan da suka miƙe zuwa Zamfara, ita ce fagen da yaƙin Katsina da Maraɗi da Gobir ya fi ci. Barth ya rubuta cewa sun ratsa kufan garuruwa da mutanensu suka watse, waɗanda suka rage kuma suna zaune cikin ganuwa da tsoron hari. Dorugu, wanda irin wannan hari ne ya raba shi da iyayensa, ya ratsa yankin yana yaro ɗan shekara goma sha uku ko kusa da haka.

Bayan sun wuce ta wajen Zurmi, suka shiga dajin Gundumi, inda suka yi tafiyar fiye da yini da kwana ba hutu don gudun mahara. A Gawasu suka sadu da Sarkin Musulmi Aliyu Babba yana shirin fita yaƙi. Suka zauna a Wurno, suka ziyarci Sakkwato, suka wuce Gwandu, suka ƙetare kogin Kwara a Sayi a watan Yuni, suka shiga Tambutu ranar 7 ga Satumba 1853.

Zaman Tambutu ya zo da haɗari. Masu mulkin Masina da ke Hamdallahi ba su yarda Kirista ya zauna a garin ba, suka nemi a kore shi ko a miƙa shi. Babban malamin Kunta, Shehu Ahmad al-Bakkay, shi ya tsaya wa Barth da mutanensa, ya kāre su da alƙalami da kuma mabiyansa har suka bar yankin a watan Mayu 1854. A wannan lokaci labari ya bazu a Turai cewa Barth ya mutu. Suka dawo ta Sakkwato da Kano, suka haɗu da wani Bajamushe, Eduard Vogel, a daji kusa da Bundi ranar 1 ga Disamba 1854, suka isa Kukawa a cikin watan.

Ƙetare Sahara

A watan Mayu 1855 Barth ya kama hanyar gida, ya tafi da Dorugu da Abbega. Hanyar da suka bi ita ce ta Bilma da Murzuk, wadda ayarin bayi yake bi. Suka isa Tarabulus a ƙarshen Agusta, suka shiga jirgin ruwa ta Malta zuwa Marseille a Faransa, suka bi ta Faris, suka sauka Landan ranar 6 ga Satumba 1855. Barth ya kai su Jamus, suka ga mahaifinsa a Hamburg, daga baya suka komo Ingila. A littafin tafiyarsa mai juzu'i biyar, wanda ya fito a 1857 da 1858, Barth ya sa hoton yaran biyu, ya rubuta sunan Dorugu da haruffan Dyrregu.

Zama a gidan Schön

Niyyar Barth ita ce ya mayar da yaran Afirka kamar yadda ya yi alkawari. Amma James Frederick Schön (1803 zuwa 1889), wani limamin coci Bajamushe na ƙungiyar mishan ta CMS, ya nemi su zauna tare da shi, kuma a 1856 suka koma gidansa a yankin Chatham na gundumar Kent, inda yake limamin asibitin sojan ruwa. Wannan ya jawo saɓani tsakaninsa da Barth.

Schön ya yi aiki a Saliyo tun daga 1832, ya kuma shiga tafiyar binciken kogin Kwara ta 1841 tare da Samuel Ajayi Crowther. Hausarsa ya koya daga 'yantattun bayi Hausawa a Saliyo, ya buga ɗan littafin kalmomin Hausa a 1843, amma bai taɓa taka ƙasar Hausa ba. Rashin lafiya ya mayar da shi Ingila. Samun yaro da Hausa take harshen uwarsa, wanda kuma ya ji Hausar Katsina da Sakkwato da Kano da kunnensa, ya ba shi abin da ya rasa shekara da shekaru. A gidan Schön Dorugu ya koyi karatu da rubutu da Turanci.

Tuba da baftisma

An yi wa yaran biyu baftisma a 1857. Abbega ya zama Frederick Buxton Abbega, Dorugu kuma James Henry Dorugu. James sunan Schön ne, Henry kuwa shi ne Heinrich a bakin Ingilishi. Barth da kansa ya ambata a littafinsa cewa dukansu biyu sun shiga addinin Kirista, kuma Dorugu, wanda ya ce ya fi kaifin hankali, yana aikin fassarar Littafi Mai Tsarki tare da Schön.

A cocin Angalikan, wanda Schön yake yi wa aiki, ba a yi wa babba baftisma sai an koya masa tushen addini an kuma gwada shi. Littafin addu'o'in cocin ya ɗora sharuɗɗa biyu. Na farko tuba, wato mutum ya yarda shi mai zunubi ne ya juya wa zunubin baya. Na biyu bangaskiya ga alkawuran Allah ta wurin Yesu Almasihu. Mai neman baftisma yana amsa tambayoyi da bakinsa a gaban shaidu, ya rabu da Shaiɗan da ayyukansa, ya amince da shahadar bangaskiya. A wannan koyarwa bawa da ubangidansa duka masu buƙatar tuba ne, wanda aka zalunta bai kuɓuta daga sharaɗin ba, wanda ya yi zaluncin kuma ƙofa ba ta rufe masa ba. Wahala ba a ɗauke ta kullum a matsayin horo kan laifi ba. Ana ganinta hanya ce da takan karya girman kai, ta kai mutum ga tawali'u da dogara ga Allah.

Dorugu ba shi kaɗai ya bi wannan hanya ba. Kiristocin farko na mishan a Afirka ta Yamma a ƙarni na 19, da yawansu 'yantattun bayi ne. Crowther an kama shi a Osogun a 1821, jirgin yaƙin Ingila ya kuɓutar da shi a teku a 1822, aka yi masa baftisma a Saliyo a 1825, ya zama bishop a 1864. Masana tarihi suna duban lamarin ta fuska biyu. Wasu suna nuna cewa mutumin da bauta ta raba da iyaye da gari da addinin gida yakan sami ma'anar wahalarsa da sabon dangi a cikin ikkilisiya. Wasu kuma suna tunasar da cewa irin waɗannan yara cinsu da suturarsu da karatunsu duk a hannun 'yan mishan suke, saboda haka zaɓin da ke gabansu ba shi da faɗi. Dorugu yana da shekara goma sha bakwai ko kusa da haka lokacin baftismarsa, kuma ya ci gaba da aikin fassara shekara bakwai bayanta.

Aikin fassara

Daga 1857 littattafan Hausa suka fara fitowa daga hannun Schön bi da bi: littafin koyon karatu na farko, Bisharar Matiyu, Bisharar Luka, Littafin Farawa da Littafin Fitowa, duk kafin 1860. Nahawun Hausa ya fito a 1862, ƙamus a 1876, Sabon Alkawari a 1880. An rubuta su da tsarin haruffan da masanin Jamus Richard Lepsius ya shirya don harsunan da ba a saba rubutawa da boko ba, shi ya sa rubutun ya bambanta da na yau.

Littattafan da aka fara da su suna ɗauke da labaran da suka yi kusa da rayuwar Dorugu. A Farawa akwai labarin Yusufu, yaron da aka sayar wa ayarin fatake masu raƙuma, aka kai shi baƙuwar ƙasa, ya yi bauta da kurkuku, daga baya ya yafe wa 'yan'uwansa. Fitowa labarin fitar da al'umma ce daga bauta a Masar. A Luka sura 15 akwai misalin ɗan da ya ɓatar da gadonsa, yunwa ta sa ya dawo cikin hankalinsa ya koma wurin mahaifinsa yana neman gafara. A sura 18 kuma akwai misalin Bafarisiye da mai karɓar haraji, inda aka karɓi addu'ar wanda ya ƙasƙantar da kansa. Wanda Schön yake tambaya yadda Bahaushe zai faɗi bawa, ayari, fansa, yunwa da tuba, yaro ne da ya san yawancin waɗannan abubuwa a jikinsa.

Sunan Schön ne yake bangon littattafan. Shi aka ba lambar yabo ta Volney a Faransa a 1877, shi kuma Jami'ar Oxford ta ba digirin girmamawa a 1884. Schön ya ambaci taimakon Dorugu a gabatarwarsa, amma sai a ƙarni na 20 aka fara duban Dorugu a matsayin mai labari da kansa.

Labarin rayuwarsa

Dorugu ya yi wa Schön shiftar labarin rayuwarsa da tafiye-tafiyensa, tare da tatsuniyoyi da labarai. An buga su a 1885 cikin littafin Magana Hausa, wanda Charles Henry Robinson ya sake fitarwa a 1906. Labarin ya fara daga Dambanas, ya bi ta kamu da bauta, da tafiyar Tambutu, da hamada, har zuwa Turai.

Muhimmancinsa ya fito ta hanyoyi uku. Ga masana tarihi, murya ce ta wanda aka kama, a zamanin da kusan duk abin da aka rubuta kan bauta a ƙasar Hausa da Barno ya fito ne daga sarakuna, malamai ko baƙi. Tafiyar da Barth ya bayar daga kan doki, Dorugu ya bayar da ita daga wajen masu ɗaure kaya da dafa abinci. Ga masana harshe, taska ce ta Hausar Damagaram ta tsakiyar ƙarni na 19. Ga masu nazarin adabi kuma, a nan Bahaushe ya juya ido ya kwatanta Turawa, da jiragensu, da suturarsu, da yadda suke zama cin abinci, kamar yadda su suka saba kwatanta mutanen Afirka.

Komawa Afirka

Abbega ya koma Afirka tun a 1857, daga baya ya zama Sarkin Lokoja. Dorugu ya zauna a Ingila har 1864 kafin ya dawo. Ya yi shekaru masu yawa yana aikin tafinta ga 'yan mishan, matafiya da ma'aikatan Turawa a ƙasashen kogin Kwara da Binuwai. Barth ya rasu a Berlin a 1865, Schön a 1889.

Duniyar da ya sani yana yaro ta rushe a gaban idonsa. Rabeh ya ƙone Kukawa a 1893. Faransawa suka ci Zinder a 1899. A 1901 gwamnatin Lugard ta yi shelar hana kamu da cinikin bayi a Arewacin Najeriya, ta ce duk ɗan da aka haifa daga watan Afrilu na shekarar ɗa ne. Kano da Sakkwato suka faɗa hannun Ingila a 1903.

Kano da rasuwa

A 1909 Hanns Vischer, wanda Kanawa suke kira Ɗan Hausa, ya buɗe makarantar boko ta gwamnati a Nasarawa, bayan ganuwar Kano, don koyar da malamai da 'ya'yan sarakuna. Ana koyarwa da Hausa cikin haruffan boko, kuma masu iya wannan rubutu kaɗan ne. Vischer ya ɗauki Dorugu, wanda ya riga ya tsufa, cikin malaman makarantar. Mutumin da aka sayar a kasuwa yana yaro ya ƙare rayuwarsa yana koya wa 'ya'yan sarakuna karatu.

Ya rasu a Nasarawa a 1912, yana da shekara saba'in da 'yan kai. Matar Vischer, Isabelle, ta ambace shi a littafin tunawa da zamanta a Arewacin Najeriya, wanda ta rubuta da Faransanci.

Abin da ya bari

Fassarorin Schön ba su bazu a ƙasar Hausa a zamaninsu ba, amma su ne tubalin da na baya suka tarar. Robinson ya dogara da su wajen shirya nasa ƙamus a ƙarshen ƙarni na 19. Dokta Walter Miller na CMS, wanda ya zauna a Zariya, tare da wasu 'yan mishan da mataimakansu Hausawa, suka ɗauki aikin daga baya, aka buga cikakken Littafi Mai Tsarki da Hausa a 1932, shekara ashirin bayan rasuwar Dorugu.

A 1971 Anthony Kirk-Greene da Paul Newman suka fitar da fassarar labarin Dorugu zuwa Turanci tare da sharhi, a maɗaba'ar Jami'ar Yale ta Amurka. Sun haɗa shi a littafi ɗaya da labarin rayuwar Maimaina na Jega, Sarkin Askira, wanda jikan Abbega ne. Tun daga lokacin ake sa sunan Dorugu a tarihin rubutun Hausa na boko, da tarihin bauta a tsakiyar ƙasar Sudan, da kuma tarihin farkon Kiristanci a tsakanin Hausawa.